Filafilin Kawu Halvard

Tun ina yarinya da filafilan Kawu Halvard nake tuƙa kwale-kwale. Ƙanen mahaifiyata ne, a rumfar bayan gidansa a ƙauyen Heidal yake sassaƙa su, yana manna katako bisa katako har ya zama abu guda. Kuɗin nasa ɗaya ya isa a sayi na kamfani uku. In mai saye ya yi ƙorafi, sai ya nuno ni.

"Ga Torunn nan, ita ke koyar da tuƙi a kogin Sjoa. Tambaye ta ko ya taɓa ba ta kunya."

A bazarar bara, da ƙanƙara ta narke kogi ya cika, na shiga mashigin duwatsu da sabon filafilin da ya ba ni. Na kafa shi cikin kumfa zan juya kwale-kwale, sai ya rabe biyu a hannuna. Na kife, ruwa ya maka ni da dutse, kafaɗata ta goce.

Kawu ya zo asibiti da gutsattsarin a cikin buhu. Ya zauna yana murza hularsa.

"Gam ne," ya ce. "Na canza iri, kuma rumfar ta yi sanyi lokacin da na manna. Don Allah ki yi shiru tukuna, in karɓo sauran da na sayar."

Na ce to. Duk wanda ya tambaye ni, sai in ce tsautsayi ne.

Ranar taron masu tuƙi na je bakin kogi, hannuna rataye a wuya. Na sayo kofi biyu na zagayo ta bayan tantin da Kawu yake sayar da kayansa. A nan na ji muryarsa, yana magana da wani Bajamushe mai saye.

"Katako lafiyarsa ƙalau. Ita ta cusa shi tsakanin duwatsu ta banƙara. 'Yata ce, amma gaskiya hannunta ya fara sanyi."

Nan na gane dalilin da ya sa Sindre, mai makarantar da nake wa aiki, ya ce in na warke ajin 'yan koyo zan koma, a ruwa mai kwanciya.

Na jira baƙon ya tafi, na ajiye kofin a gabansa.

"Kawu, hannuna ne ya yi sanyi?"

Ya kasa dubana. "Torunn, maganar kasuwa ce. In na ce gam ne, wa zai ƙara saye a wannan farashi? Sai dai a hura wuta da su. Ke kuwa da kin koma ruwa za a manta."

"Sauran fa, ka karɓo?"

"Na ce su kawo in shafa musu mai."

"Sun kawo?"

"Wasu."

Na san waɗanda suka saya, yawancinsu ɗalibaina ne, da bakina na yaba musu kayan. Na bi tantuna ina nemansu. Na samu Gunvor, wata malamar jinya, ta riga ta ɗaura hular kwano za ta shiga ruwa da nata filafilin. Na karɓa, na nuna mata layin gam, na faɗa mata abin da ya faru. Kafin la'asar babu wanda bai ji ba. Kawu ya naɗe tantinsa da wuri.

Mahaifiyata ta yi wata guda ba ta ɗaga wayata. Da ta ɗaga, cewa ta yi, "Ai da kin same shi a gida, ba a bainar jama'a ba."

Sindre ya mayar da ni ajina na da. Kawu ya koma sassaƙa kujeru da cokula. Mun haɗu a coci lokacin Kirsimeti, ya tambayi kafaɗa, na ce da sauƙi. Na tsaya ko zai ƙara wani abu, sai ya ce ana sanyi bana, ya wuce.