A Kaset Ya Mutu, A Filas Ya Dawo

Auta ba mugu ba ne, kuma abin da ya fi ƙona wa yayarsa rai ke nan, don da mugu ne da ta san yadda za ta yi da shi. Hutu ya zo yi a gidanta daga garin da yake aiki, sai ya dinga zagaye ɗakuna hannu a aljihu yana neman abin da zai gyara. Ya ɗaure famfon banɗaki, ya canza ƙwan fitilar kicin, ya yi wa ƙofa mai. Da ya tsaya nan da an gode masa. Ina! Sai da idonsa ya kai kan kwalayen da ke jere a saman wadirof ɗin yayarsa.

Kasa-kasan Baba ne a ciki, Allah ya jiƙansa, finafinan sararin samaniya zalla: jirage masu ratsa taurari, mutanen ƙarfe, duniyoyin da ba su da rana. Wasu ya saya, wasu ya naɗa daga talabijin yana zaune da rimot a hannu yana yanke talla. Bayan rasuwarsa ita ta ɗauki ɗawainiyarsu, ta ƙara nata a kai. Mai kemis ce, don haka da auduga da sifirit ɗin shagonta take goge kan na'urar bidiyon da ke kunna su, kuma ba ta taɓa mayar da kaset kwali ba sai ta dawo da shi farko.

Ranar da abin ya faru ta dawo daga kemis da yamma ƙafafunta na zogi, ta tarar da saman wadirof fayau, har an share ƙurar. Ga Auta tsaye yana murmushi har kunne, ya miƙo mata ɗan filas na kwamfuta a tafin hannu. Wai ya kai duka wurin mai turi, irin masu tura wa mutane finafinai a waya, an juye mata su a ciki, tas, babu zare babu ƙura. Kasa-kasan ya bar su can, bidiyon kuma ya ba masu sayen tsofaffin ƙarafa, tunda ba shi da sauran amfani. Yana faɗa yana jiran a sa masa albarka.

Ko jaka ba ta ajiye ba ta soka filas ɗin a talabijin, ta nemo fim ɗaya daga ciki, ta tura shi can ƙarshe.

Fim ne na wani jirgin sararin samaniya da ya ɓace a hanya, iskar shaƙa ta kusa ƙare wa mutanen ciki. Akwai wani tsoho a jirgin, aikinsa kawai kula da tankin ruwa, ba wanda ke tunawa da shi sai famfo ya ƙafe. Shi ya lissafa ya gane iskar ba za ta kai su gida ba sai an rage mutum ɗaya. A kaset ɗin Baba, tsohon ya cire takalmansa ya jera su a bakin ƙofa, ya fita daga jirgin, ba kiɗa ba jawabi. Sai da aka zauna karin kumallo aka ga kujerarsa ba kowa. Fim ya ƙare a nan.

A filas ɗin Auta kuwa, hoto ya fito garau har kana ƙirga gashin gemun tsohon. Ya fita, sai ga kiɗa ya tashi kamar ana ɗaga tuta, wani shuɗin haske ya zo ya sure shi, aka nuna ya buɗe ido a wata duniya. Wannan shi ne sabon gyaran da kamfanin fim ɗin ya yi don ya samu ƙofar fara shirin talabijin mai dogon zango a kan tsohon, inda aka ba shi bindiga da budurwa da ɗan da bai san da shi ba. Mutumin da ko sanda bai taɓa riƙewa ba!

Shekaru ta yi tana faɗa a kan wannan a guruf ɗin masoya finafinan da take ciki a waya. Yaran guruf ɗin, waɗanda shirin talabijin suka fara gani kafin fim ɗin, sun sa mata suna Anti Kaset. Duk sanda ta ce tsohon ya mutu kuma mutuwar ita ce fim ɗin, sai su cika mata waya da hotunan dariya, su ce ta ɗauko wurin da wayarta ta turo su gani. Ita kuma ta ƙi. Ta ce ba ta ɗaukar talabijin da waya kamar ɓarauniya, mai son gani ya zo ya zauna a kujera ya kalla daga farko. Taurin kan nan ne ya sa yau ba ta da ko daƙiƙa ɗaya ta ainihin ƙarshen a ko'ina.

Kuma ba don yaran guruf take riƙe da kaset ɗin ba. A jinyar Baba ta ƙarshe, lokacin da karatu ya gagare shi, hira ma ta gagare shi, fim ɗin nan yake sa ta saka masa. Ita ke juya shi a gado, ita ke ba shi magani, ita ke dawo da kaset baya in ya ɗaga yatsa. Abu na ƙarshe ke nan da suka yi tare, kuma ba ta son kowa ya gyara mata shi.

Washegari ba ta buɗe kemis ba. Ta tasa Auta a gaba zuwa shagon mai turi, wani ɗan lungu ne tsakanin mai aski da mai sayar da takalma, wayoyi reras a kan katako suna caji, lasifika na neman fasa kunne. Ta sa aka kashe kiɗan, ta ce a nuna mata bidiyon da aka juye kasa-kasanta da shi.

Mai turi ya yi dariya, ya nuna mata wani tsohon bidiyo a ƙarƙashin tebur da ya ɗora ƙafa a kai. Wai ya lalace tun tuni, shi ya ma manta yaushe. In an kawo masa kaset, sunan kawai yake karantawa a jiki ya sauko da fim ɗin daga intanet, sabo fil. Wa zai zauna kaset na juyawa yana gadinsa, hoto duk dishi-dishi? Har ma, in ji shi, ya ƙara mata da shirin talabijin ɗin gaba ɗaya kyauta, don ya ga alamar gidan masu son abin ne. Yana magana yana kallonta da fuskar wanda ya yi alheri.

Nan fa ta wanke shi tas. Ta ce masa in ya kawo takardar likita kemis ɗinta ta karanta sunan maganin ta ba shi wani daban don kwalinsa ya fi kyau, zai ce ta kyauta? Ta ce abin da ya yi sunansa ha'inci, ko da murmushi aka yi shi. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, masu jiran caji suka juyo. Mai turi ya sha jinin jikinsa, ya jawo kwamfuta ya ce bari ya nemo mata tsohon. Ya nema nan, ya nema can, duk inda ya buɗe shuɗin hasken nan ne ke fitowa. Kamfanin ya daɗe da janye na asalin, ba ya kasuwa, ba ya intanet.

Ta tambaye shi kasa-kasan. Ya sosa ƙeya ya nuna bayan shago.

Motar shara ta riga ta zo ta wuce. Abin da ya rage sai fasassun ɓawon kaset a bakin kwata, da baƙin zare da ya nannaɗe a jikin wayar shinge da ƙafar wani karyayyen benci, iska na kaɗa shi. Ta tattare zaninta ta tsuguna, babbar mace da ita, tana juya ɓawon ɗaya bayan ɗaya. Ta samu kaɗan da ba su fashe ba, ruwan kwata ya shiga cikinsu. Wanda take nema ba ya ciki.

Auta yana tsaye a kanta, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Da ya yi shiru da ya tsira, amma Auta bai taɓa iya shiru ba.

"Yaya, ki yi haƙuri, na yi kuskure. Amma ni fa ban ga abin tashin hankali ba. Da ya mutu, yanzu bai mutu ba. Ba gara haka ba?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Kai ai ba ka nan lokacin da ake mutuwar. Sai da aka gama komai ka iso da jakarka. Dole ka ce gara haka."

Fuskarsa ta canza nan take. Ta san jarrabawa ce ta riƙe shi a lokacin, ta san Baba da kansa ya hana a kira shi, ta san maganar za ta zauna masa a ƙirji har ya tsufa. Ta ji zafin abin da ta faɗa, amma ba ta janye ba, don fushin bai gama cinta ba. Da suka kusa gida ya ce zai biya tasha ya tambayi motar gobe, ita kuma ba ta hana shi ba.

A falo ta tarar da 'yarta, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, ta miƙe ƙafa a kan kujera filas na aiki. Yarinyar da ba ta taɓa iya zama ta kalli kaset ɗin kakanta ba, wai hoton na sa ta ciwon kai, yau ta cinye fim ɗin har ta shiga shirin talabijin. Idonta na ƙyalli ta ce ashe abin da daɗi haka, tsohon nan ya burge ta, saura kaɗan ta yi kuka da ta zaci ya mutu.

Uwar ta zare filas ɗin daga talabijin. Ta ce ya mutu. Yarinyar ta ce a'a Mama, bai mutu ba, da idona na gani.

Ta ja kujera ta zauna gaban 'yar, har yanzu da dattin kwata a farcenta. Tunda kaset ya tafi, ai ita tana nan, ta kalli wurin nan sau ba adadi, za ta ba ta shi da baki yadda yake. Ta fara tun daga tankin ruwa, da yadda tsohon ya zauna shi kaɗai yana lissafi, da yadda ya bi ta gaban ɗakunan mutane suna barci. Yarinyar ta nutsu tana ji. Ta kawo shi har bakin ƙofa.

"A naki ma ya juyo ya kalli baya kafin ya fita?" 'yar ta tambaya.

Ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta tsaya. Tana ganinsa ya juyo. Tana ganinsa sarai, hoton garau, har gashin gemunsa. Kaset ɗin Baba bai taɓa yin garau haka ba. Ta runtse ido ta nemi ɗayan, mai dishi-dishin, wanda ta sani, amma duk yadda ta dawo da shi baya a ranta, tsohon sai ya juyo. Sau ɗaya tak ta kalli na filas ɗin, jiya da yamma, a tsaye.

"Mama?"

"Ban sani ba," ta ce.

Ta zauna da filas ɗin a dunƙule a hannu, 'yar na jiran ta ci gaba.