San Sanda a Turken Hajo

Shekarar da annobar shanu ta ratsa ƙasar Katsina, sa ɗaya tak ya rage wa Sanda cikin garken da ya gada. Shi ma da ƙyar ya sha, haƙarƙari a waje, tozo ya kwanta. Bayan kaka Sanda ya ja shi zuwa Tsiga wurin mahauta. Suka zagaya shi, suka ce fata ce da ƙashi, ba su taya ba.

A hanyar komawa ya biya gidan Hajo ya sha ruwa. Dattijuwa ce, ƙawar mahaifiyarsa, mijinta ya rasu ya bar mata gona, tana kuma kaɗin auduga. Ta fito ta dubi san, ta buɗe bakinsa, ta shafa ƙugunsa.

"Wannan ba ciwo gare shi ba yanzu, yunwa ce," in ji ta. "Ɗaure min shi a turken nan. Ka dawo kafin Babbar Salla."

"Gwaggo, da wace ciyawa? Daji ya fara bushewa."

"Wa ya ce maka daji zai je? Dubi bisa rumfata."

Harawar wake ce da ta gyaɗa jibge, ga karmami dami-dami, ga anguryar da take tarawa in ta gurza auduga. Sanda ya miƙa mata igiya ba don ya yarda ba.

Hajo ta fara: harawa da safe, jiƙaƙƙiyar angurya da rana, ruwan kanwa duk bayan kwana biyu. Sa ya miƙe, amma ƙiba ta ƙi zuwa, don dusar gidan mutum ɗaya ba ta cika tafi biyu. Sai ta tuna da Sabuwa, wata Bamagujiya a hanyar Danja mai sayen zarenta. Sabuwa kan dafa giya, ta zubar da dusar dawar a bayan danga, awakinta kuwa sai sheƙi suke. Hajo ta ɗauki ƙwarya ta tafi.

Sabuwa ta yi dariya. "Uwata, ke da carbi a hannu?"

"Ba ni zan sha ba. Cika min."

Kafin la'asar magana ta zagaya unguwa, cewa Hajo na ba san Sanda giya. Ba ta jira a kira ta ba. Ta ɗebi dusar a faifai ta kai zauren liman, Malam Shitu.

"Allah ya gafarta Malam, ga abin da ake surutu a kai. Dawa ce da aka tace, ake zubarwa."

Malam ya murza ta a yatsa, ya sansana. Sannan ya ce ta riƙa wanke ta, ta shanya har ta bushe ƙarau, warin ya fita, kuma ta janye ta kwana arba'in kafin a sa wa san wuƙa, don kada zuciyar kowa ta yi ƙyama.

Nan Hajo ta yi kuskure ɗaya. Ganin yadda san ke wawurar dusar, ta cika masa akushi har sau biyu a wuni guda. Cikinsa ya kumbura kamar ganga, ya tsaya yana nishi. Mata suka leƙo ta danga suna cewa ai ga irinta nan. Hajo ta ɗura masa ruwan kanwa da man gyaɗa, ta kwance shi, ta yi ta zagaya gida da shi tun azahar har ya yi gyatsa, cikin ya sassauta.

"Laifina ne, ba na dusa ba," ta ce musu. Daga ranar tafi uku take ba shi, gauraye da ƙaiƙayi da harawa.

Wata huɗu bayan nan Sanda ya dawo, lokacin Hajo ta riga ta janye dusar giyar yadda Malam ya ce. Ya tsaya a ƙofar gida yana kallon san. Tozo ya tashi yana rawa, wuya ya yi ninki, fata na ƙyalli.

"Gwaggo, wannan nawa ne?"

"In ba ka gane shi ba, bar min."

Suka kai shi kasuwar Danja. Mahautan Tsiga da suka ƙi shi ne suka fara rige-rigen taɓa tozonsa, amma Hajo ta ce ba kuɗi take so ba. Wani madugu da ya iso daga kudu yana neman san layya ya ba da 'yan maruƙa mata biyu a madadinsa. Sanda ya ce lalle ɗaya ta Hajo ce. Ta karɓa, ta ce ya haɗa su ya yi kiwo, tunda shi ne mai sanda.

Da daminar da ta biyo, gidaje huɗu a unguwar suka kafa turke, Sabuwa kuma ta daina ba da dusarta kyauta, sai a musaya da gero.