Farfesun Inna Dije

La'asar ce sakaliya, hadari ya haɗo daga gabas ya yi baƙi ƙirin, iska kuma ta tsaya cak, ko ganyen darbejiyar bayan gida ba ya motsi. Ya'u direba yana kwance a kan katifa a ɗakinsa, cikin ɗakunan ma'aikata na gidan Alhaji Aliyu da ke Nassarawa GRA. Ba barci yake ba. Yawu yake tarawa a baki, sai ya taru sosai sannan ya runtse ido ya haɗiye, don kowace haɗiya ji yake kamar ana ja masa reza daga maƙogwaro har cikin kunne.

Wancan satin aka yi masa aiki, aka cire masa ƙulutun nan biyu na cikin maƙogwaro da likitoci ke ce wa tansil, waɗanda suka daɗe suna kwantar da shi da zazzaɓi. Ranar da za a sallame shi likita ya ja masa kunne. Ban da abu mai zafi, ban da yaji, ban da tsami. Ya ce akwai wani farin ɓawo da zai rufe ciwon, kuma in ya tashi faɗuwa, wani lokacin jini kan ɓalle.

"Ka ga ja, ko yaya yake, kada ka jira. Ka taho."

Wannan maganar ita ta hana Ya'u sakat. Yana yaro a ƙauyensu, wanzami ya cire wa ƙaninsa Ashiru belu da hantsi. Yaron bai yi wani kuka ba, haɗiya kawai yake ta yi, ana ta yaba masa juriya. Can da yamma ya amayo jini cikin ƙwarya, ya yi fari fat, kafin a samo mota ya cika. Shi ya sa tun da aka sallamo Ya'u ba ya tofar da yawu a ƙasa. A wani farin kofi yake tofawa, ya kai bakin taga ya duba.

Yana cikin haka ya ji sallama a waje, ya ji matarsa Hasiya ta saki kayan shanyar da take kwashewa.

"Lah, Inna! Ke ce a tafe ba ko waya?"

Inna Dije ce, mahaifiyar Hasiya, daga wani ƙauye can bayan Ringim. Ya lalubo hula ya sa, ya sauko daga katifa ya tsuguna, kansa a ƙasa. Tsohuwar ba ta shigo ba. A bakin ƙofa ta zauna a kan tabarma, ta karkata fuska wajen bango.

"Sannu, Malam. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Inna," in ji shi, muryar kamar ba tasa ba.

Da gaisuwa ta ƙare ya so ya sulale wajen Baffa maigadi ya bar musu wurin, kamar yadda ya saba. Sai ga iska ta taso ta daki kwanon rufi, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Hasiya ta ja uwarta ciki da sauri ta sakaya ƙofa. Ɗaki ɗaya ne tal, ga katifa, ga akwatuna, ga su su uku.

Inna Dije ta saci kallonsa sau ɗaya ta kau da kai.

"Ke, wannan ramar fa? Me kike ba shi?"

"Koko mai sanyi, Inna. Da yogot, da ruwan ƙanƙara."

"Ƙanƙara! Mutum da ciwo a wuya ki riƙa ɗirka masa ƙanƙara? Takaba kike marmari?"

"Likita ne fa ya ce..."

"Shi likitan a gidansu haka ake jinya? Babanki da ya yi ciwon wuya da me ya tashi? Miƙo min kular nan."

Ta buɗe kula, ƙamshi ya cika ɗakin. Farfesun zakara ne, ya sha masoro da citta da barkono, sai tururi yake. Ta ce zakaranta ne da take ji da shi ta sa aka yanka da asuba, kuma a kan cinyarta ta riƙe kular tun daga gida har tashar Yankaba, don kada a ɓarar mata.

Hasiya ta zuba a kwano. Ta dubi mijinta, idonta na roƙonsa ya yi magana. Ya'u ya dubi kwanon. Da wane baki zai ce wa surukarsa a'a? Tsohuwa ta bar gonarta da damina, ta sha mota, ta kawo masa abin da ta fi ji da shi.

Inna Dije ta san ba zai iya cin abu a gabanta ba. Sai ta juya masa baya, ta fuskanci ƙofa.

"Ni ruwa nake kallo, ban ga kowa ba. Amma fa kunnena yana jin cokali."

Ya yi bisimilla a zuci. Cokalin farko kamar ya haɗiyi garwashi, hawaye suka zubo masa. Ya hura na biyu ya daɗe yana hurawa. Haka ya yi ta yi, yana ɗan buga cokalin a kwano don ta ji, har romon ya yi rabi.

"Madalla," in ji tsohuwar. "Ai gumi zai yi, ciwon ya fita."

Sai ta shiga ba wa 'yarta labarin gida, wa ya haihu, wa gero ya yi wa kyau.

Ya'u ya ajiye kwanon. Zafin ya ɗan lafa, sai ya ji wani abu ya saɓule can ciki ta gefen hagu. Bayansa wani ɗumi ya biyo, mai gishiri-gishiri, mai ƙarni. Ya ce wa kansa romo ne. Ya haɗiye. Bakin ya sake cika, ya sake haɗiyewa.

Farin kofin yana nan kusa da ƙafar katifa, hannu kawai zai miƙa. To amma ya yi kaki ya tofar a bayan surukarsa, bayan ya gama shan abin da ta kawo? Ya ce bari ruwa ya ɗan tsagaita ya fita waje. Ruwa kuwa kamar ƙara shi ake. Tafin hannunsa ya yi sanyi, kunnuwansa suka fara ƙugi, muryar Inna Dije ta koma can nesa. Ya ga Ashiru zaune a gindin rumbu, maƙoshinsa na hawa yana sauka, manya suna cewa yaron nan jarumi ne. Ya yi ta jan Hasbunallahu a zuci, yana haɗiya.

Hasiya ce ta lura da wuyansa. Ta ɗauko kofin a hankali ta tura masa ta bayan uwarta. Ya girgiza kai. Ta zaro ido, shi kuma ya sunkuyar da kai.

Cikinsa ne ya yanke hukunci. Ya ji ya juya gaba ɗaya, ya miƙe a guje, ya ratsa ta gefen tsohuwar ko gafara babu, ya faɗa cikin ruwan ba takalmi. A bakin kwata ya durƙusa. Abin da ya fito baƙi ne guda-guda, bayansa kuma ja wur, ruwan sama na kwashe shi wani na zubowa.

Hasiya ta ƙwalla ƙara ta yi cikin gida tana kiran Hajiya, matar Alhaji.

Alhaji ya yi tafiya, direban gidan kuwa ga shi durƙushe. Hajiya Maryam ta fito da makulli a hannu da ledar ƙanƙara, gyalenta ya jiƙe sharkaf.

"Ya'u, tashi. Kada ka haɗiye, ka ji ko? Tofarwa za ka yi. Hasiya, sa masa wannan a wuya. Baffa, buɗe ƙofa!"

Ya nufi gaban mota bisa sabo, ta ce ya shiga baya. Inna Dije ta biyo su, ta shiga gaba ta takure.

Titin GRA ya cika da ruwa, rassan bishiyoyi sun karye sun zube a hanya. Hasiya ta riƙe masa roba a ƙarƙashin haɓa. Yanzu kam tofarwa yake, kowa na ji, ba ya iya kallon ƙeyar surukarsa. Duk tofin da ya yi sai ya duba ko ya fi na baya ja. Hajiya tana tuƙi tana cewa, "Yi min magana da hannu, Ya'u, kana ji na?" Sai ya ɗaga yatsa.

A asibiti aka shige da shi kai tsaye. Likita ya haska masa tocila, ya danna wani abu mai sanyi a wurin ya riƙe, ya daɗe yana riƙe, Ya'u yana kallon silin yana jiran ya ji ko ɗumin zai dawo. Bai dawo ba.

"Ya tsaya," in ji likita. "Ɓawon ne ya faɗi. Ko ba ka sha komai ba yakan yi hakan, amma me ya sa ka yi ta haɗiyewa?"

Ya'u ya kau da kai. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka ce zai kwana a gani, kuma ban da magana.

Ana kiran magariba Hajiya ta tafi gida ɗauko musu kaya, Hasiya ta bi nas karɓo magani. Ya'u yana kwance shi kaɗai, wandonsa a jiƙe, fanka na kaɗa shi har haƙoransa na haɗuwa. Ya ji takun silifas a bakin ƙofa, ya gane takun, sai ya rufe ido.

Inna Dije ta daɗe a tsaye tana sauraren numfashinsa. Sannan ta lalubi bango har ta gano inda ake kashe fankar, ta kashe. Ta ja zanin gadon ta rufe masa ƙafafu, ta soke shi ta ƙasa don kada ya zame, ta koma baranda ta zauna.