Gidan da Notinsa Ke Kwancewa

Tun yana saurayi aikin Mai-Sifana ɗaya ne: ya bi layin dogo a ƙasa yana ɗaure notin da ke haɗa ƙarfe da ƙarfe, jirgi ya wuce ya sassauta, washegari ya sake ɗaurewa. Shi da jirgi sun fahimci juna. Sai ga injiniyoyi da injin walda, suka liƙe ƙarafan suka zama ɗaya, aka goge su sumul. Aka yi wa Mai-Sifana doguwar godiya, aka ce ya je ya huta.

Hutu kuwa bai iya ba. Ya ɗaure ƙafar gado, ya ɗaure hannun tukunya, ya ɗaure keken ɗinkin matarsa har ya ƙi juyawa. Da abin ɗaurewa ya ƙare, sai ya zauna bakin ƙofa yana kallon layi. Abinci ya taɓa ya ture. Mutumin da a da ake roƙo ya yi shiru, yanzu ana lallashinsa ya ce uffan.

Matar ta tsorata. Ta ga yadda zaman banza ya cinye mazan maƙwabta, ba ta shirya takaba ba. Ran da ya tafi aski ta ɗauki filaya, ta durƙusa, ta yi ta kokawa da notin gado har ya saki.

Ya dawo, ya zauna, gado ya ce ƙiii.

"Ke! Wa ya taɓa gadon nan?"

"Oho. Ƙila ɓeraye."

"Ɓeraye! Miƙo min sifana."

Ranar sai da ya nemi ƙarin abinci, yana ci yana zagin masu ƙera gadon zamani. Daga nan gidan ya kama lalacewa cikin tsari: yau kujera, gobe ƙofar bayi, jibi famfo. Mai-Sifana ya yi ƙiba. Har waƙa yake yi, abin da matar ba ta saka a lissafi ba, amma ta jure.

Wata safiya ya dawo daga kasuwa ya ajiye mata ƙunshi a kan keken ɗinki. Ta buɗe: ƙaramar sifana ce sabuwa fil, daidai hannunta.

"Baban yara, wannan fa?"

"Ta ɓerayen gidan nan ce. Ki gaya musu su bar filaya, suna cinye min kan noti. Na shafa wa sauran giris, kada hannunsu ya yi kanta."

Ta jujjuya sifanar, fuskarta ba alamar dariya.

"Za su ji. Dama na ji suna maganar fanka."

"Ta sama?" Idonsa ya yi haske. Tuni ya zura takalmi. "Bari in aro tsani kafin maƙwabci ya fita."

"Ka aro mai ƙwari," in ji ta. "Su ma da shi za su hau."