Wanda Ya Sauka Daga Mota

Matar Injiniya ta zauna a bencin gaba na kotu, ƙaninta Auta na gefe yana riƙe mata jaka. Mijinta na tsaye a akwatin waɗanda ake tuhuma, ya rame kamar ba shi ba. Gadar da ma'aikatarsu ta gina ce ta rufta da motar haya, aka rasa rayuka, aka ce shi ya duba ta ya ce lafiyarta ƙalau.

Lauyansa ya miƙe yana gyara baƙar riga. Dama ya yi mata alkawarin zai sa a yi watsi da tuhumar, amma bai faɗa mata ta yaya ba, ita ma ba ta tambaya ba.

"Ya mai shari'a, tuhumar nan ba ta da tushe. An ce ya duba gada. Kowa a ma'aikatar ya san babban injiniya ba ya sauka daga mota. Ƙaramin ma'aikaci ake turawa ya leƙa ƙarƙashi, ya dawo ya faɗi abin da ya gani."

Wasu a baya suka yi dariya. Abin kunya ne, amma haka manyan injiniyoyi suke aikinsu, gilashin mota a rufe, sanyi na busawa.

Ita kuwa ba ta yi dariya ba. Ita ce ta yi ta naci, har da daina magana, sai da mijin ya samar wa Auta aiki a ofishinsa. Kullum mota ɗaya suke fita.

Alƙali ya sauke tabarau ya dubi Injiniya. "To, wa ya sauka ranar?"

Injiniya bai kalli alƙali ba, ita ya kalla. Ta san mijinta. In ta girgiza kai sau ɗaya, zai ce ya manta, ya koma gidan yari bakinsa a rufe. Tsoro ya kama ta, ta tuna yaransu da ke tambayar yaushe Baba zai dawo.

"Yaya," Auta ya raɗa mata, "ki yi wani abu mana."

Ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta.

"Ƙanin matata ne, ya mai shari'a."

Kotu ta kaure da hayaniya. Alƙali ya buga tebur, ya yi wa ɗan sanda nuni da bencin gaba. Wata maƙwabciya ta dafa kafaɗarta tana mata barka, wai maigida ya kusa fita.

Auta ya miƙe, ya ɗora mata jakar a cinya a hankali.

"Maganinki na ciki, Yaya. Kar ki manta ki sha."