Ludayin Orrin Haugerud

Shekara talatin Orrin Haugerud yana shugabantar dahuwar lutefisk a cocinsu da ke Minnesota, kifin nan da ake jiƙawa a ruwan toka har ya zama kamar majina. Shekara talatin kuma yana haɗiye shi ba tauna. Bai taɓa son sa ba. Amma mai suna Haugerud ba ya ƙin abincin kakanninsa na Norway, balle shi da ke riƙe da ludayi.

'Yarsa Signe ce ta jawo fitina, ta saya masa gwajin DNA. Ya tofa yawu a 'yar kwalba cike da alfahari. Da sakamako ya fito, babu Norway ko ɗigo. Jamus da Italiya ne suka raba shi.

Signe ta bi dangin da gwajin ya nuna har ta gano tushen. Kakan Orrin leburan jirgin ƙasa ne daga Calabria ta Italiya, wanda ya sami aiki a gonar Haugerud a Minnesota. Mutanen Norway kuwa da sunan gonar da mutum ke zaune suke kiransa. Shi ke nan suna ya bi shi.

"Ashe Bature mai taliya na aura," in ji matarsa Marlys. "Shi ya sa ba ka iya magana sai da hannu, irin na 'yan Italiya."

Orrin bai yi dariya ba. Ludayin yake tunani.

Ranar wanke kifi ya sauka kicin ɗin coci, ya cire hula, ya faɗa wa kwamitin dahuwar gaskiya kamar mai sanar da rasuwa. Tsohuwa Borghild Bakken, wadda ta girmi ginin cocin, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai yaro, yau ka sani? Uwata ta ce kakanka har a madara yake neman sa tafarnuwa."

"To ludayin fa?"

"Dubi nan da kyau. Ka ga wani mai son karɓar ludayi, wannan warin ya bi shi gida? Naɗe hannun riga."

Ranar walima Orrin ya zuba wa kowa kifi, har da ƙari ga wanda bai nema ba. Sannan ya zauna da farantin dankali da ƙwallon nama.

Fasto ya leƙo. "Orrin, ina kifinka?"

"A ci lafiya, Fasto," ya ce, yana buɗe hannuwa biyu. "Mu ba abincinmu ba ne."