Gwangwanin Shinkafar Abdulhakeem

Kwana uku mai gidan ya ba Saude ta kwashe kayan yayanta Abdulhakeem daga ɗakinsa na unguwar Sanyuanli da ke birnin Guangzhou, ƙasar Sin. An binne shi a Guangzhou mako biyu kafin bizarta ta fito. Da za ta baro Kano, abu ɗaya mahaifiyarsu ta roƙa: a kawo mata wani abu da hannunsa ya saba taɓawa.

Ɗakin babu irin wannan. Samfurin takalma ne cike da kwalaye, duk ƙafar hagu, sai katifa da tukunyar lantarki. Tufafinsa kuwa abokan kasuwancinsa sun riga sun yi sadaka da su. Saude tana ɗaurewa tana fitarwa. Tana cin abinci, tana salla a kan lokaci, ba ta jin komai.

A rana ta uku ta tarar da gwangwani a bayan ƙofa, rabinsa shinkafa, da rubutun Indiyanci a murfin. Aka ce mata na maƙwabciya ne, Kavita, matar wani Ba'indiye mai sayar da yadi. Saude ta yi yadda aka koya mata a gida, ba a mayar wa mutane kayansu da datti. Ta juye shinkafar ta ba mai sharar bene, ta wanke gwangwanin tas, ta je ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Kavita ta buɗe murfin, ta daɗe tana kallon ciki. Ta tambaya da Turanci ina shinkafar. Saude ta ce ta bayar.

Matar ta zaunar da ita. Ta ce a garinsu ba a barin ma'ajin shinkafa ya nuna ƙasansa. Kafin ta ƙare ake zuba sabuwa a kan tsohuwa. A wurinsu, abin da ya cika, ko an ɗiba yana nan a cike, muddin ba a kankare shi ba. Shekara shida da suka wuce ta ba Abdulhakeem gwangwanin da shinkafa tafi ɗaya daga ma'ajin kakarta. Ya yi mata dariya, ya ce su a Kano sai sun kakkaɓe buhu suke tunawa da kasuwa. Amma bai taɓa bari ta ƙare ba. Har shinkafa 'yar Hausa da tsohuwarsa ke aiko masa a ciki yake zubawa.

Saude ta sauka neman mai shara. Mai gadi ya kaɗa hannu ya ce da Sinanci meiyou, wato ba ta nan, sai Litinin. Jirgin Saude gobe ne da safe.

Da ta hawo, ta sami Kavita ta jawo nata babban ma'ajin zuwa bakin ƙofa.

"'Yar'uwa, duk kwanon da na aika masa da abinci, ba ya dawo da shi wayam," in ji ta. "Shinkafarsa yake zubowa. Tasa tana cikin tawa."

Ta ɗiba ta baza a faranti. A cikin dogayen farare akwai gajeru masu ja-ja, nan da can. Saude ta gane su. A Kura mahaifiyarsu ke sayowa.

Kavita ta cika gwangwanin, ta rufe, ta miƙa mata.

"Ki ce wa Mama kada ta bari ta ga ƙasansa."

Saude ta koma ɗakin. Ta ciro zannuwanta biyu daga jakar hannu, ta sa gwangwanin a gurbinsu. Sannan ta share ɗakin, ta sauka ta ba mai gida makulli.